HANNUN DAHOME

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku, musamman masu yi wa Rabi ruwan zagi wai ta cika taurin zuciya. Ku yi mata a hankali don Allah. Yayanta aka kashe, kuma mijinta ne ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ne. In ke ce, ya za ki yi? To, bismillah.

*

Sun baro Bagudo, mota ta miƙi hanya.

Cindo na gaba riƙe da sitiyari, ƙafa ba takalmi kamar kullum, don shi a wurinsa shiga Marsandin nan da takalmi daidai yake da taka shimfiɗar surukai. Maigidansa, Malam Mamuda Maigoro, yana baya a kusurwarsa, ya tattare babbar riga a cinya yana jan carbi. Saura kwana shida ya tashi aikin Hajji, shi ya sa yake zagayen neman gafara gida-gida kamar yadda kowane maniyyaci yake yi. An gama dangi, an gama abokan ciniki na Kende da Kamba, har wani mai awo da suka yi shekara bakwai ba sa ga maciji an je an ba shi haƙuri. Gida ɗaya ya rage, kuma da gangan aka bar shi ƙarshe: gidan Inna Sabuwa a Geza, mahaifiyar marigayi Ango, surukar Cindo.

Motar na tafiya a kan burji kamar mai gudun tashin wani daga barci. Baƙa ce wuluk, kujerunta jar fata, gabanta katako mai sheƙi, ga tauraronta tsaye a goshi kusa da 'yar tutar kore da fari da Maigoro ya ɗaura mata ran bikin 'yancin kai, wata bakwai da suka wuce. 'Yar Gata mutanen Bagudo ke kiranta, kuma ba su yi ƙarya ba. Shekara shida ke nan, in ka cire wata taran da ya yi a gidan yari, Cindo yana tace ruwan kogi da ƙyalle kafin ya wanke ta. Ya san kukan injinta in tana cikin jin daɗi, ya san shi in wani abu na damunta. Ko rufe ƙofarta ya yi ta ce "tib" a hankali, har cikin ransa yake jin daɗin.

"Cindo."

"Na'am, Maigida."

"Akwai takarda cikin akwatin gaba. In mun tsaya ka ɗauka, taka ta."

"Takardar mi, Maigida?"

"Ta motag ga. Na sa an rubuta, shaidu biyu sun sa hannu. Ko na dawo daga Makka ko ban dawo ba, 'Yar Gata taka ta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Cindo ya ji daɗi. Daɗi ƙwarai. Shi, ɗan masunci da ya fara da ɗaukar jarkar ruwa a bayan manyan motocin gyaɗa, yau a ce Marsandi tasa ce? Ya hango kansa ran Juma'a yana fito da ita, ba wanda zai ce masa tsaya nan, juya can. Ya hango 'yarsa Jummai a baya ta miƙe ƙafa a kan jar fatar.

Daga Jummai sai ya hango uwarta, Rabi. Nan daɗin ya tsaya cak.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi.

"Allah shi saka da alheri, Maigida."

"Amin. Ka cancanta."

"In mun isa Geza, mi za ka ce ma Inna?"

Carbin ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Abin da nika ce ma kowa. Ta yahe mani abin da niy yi mata, wanda nis sani da wanda ban sani ba."

"Wanda kas sani da wanda ba ka sani ba."

"Haka aka cewa."

"To wanda ita ba ta sani ba hwa?"

Maigoro ya juya yana kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa.

Abin da tsohuwar ba ta sani ba, mutum biyu ne kaɗai suka san shi a duniya, kuma ga su nan a mota ɗaya.

Maigoro ya iya tuƙi. Ya iya, kuma yana sonsa kamar ransa. Amma a Bagudo ta wancan zamanin babban mutum ba ya jan kansa. Ranar da aka gan ka a gaba da rawaninka, ranar za a fara raɗa cewa arziki ya karye har an sallami direba. Don haka sai in sun tsallaka Dahome sayen goro, inda ba wanda ya san shi, yake tuɓe rawani ya ajiye, ya cire takalmi yadda Cindo ya koya masa, ya koma gaba yana dariya kamar yaron da aka ba sabuwar riga. A can ya koya, a can kaɗai ya taɓa tuƙi. Su kuwa mutanen Faransi dama suke bi, mu nan a wancan zamanin hagu. Hannun Maigoro bai san wani gefe ba sai dama.

Dokarsu ɗaya ce: da an hango turken simintin iyaka, a tsaya, kowa ya koma mazauninsa.

Ranar da abin ya faru, shekara uku da suka wuce, Maigoro cikin raha ya ce, "Yau kai na maigida, koma baya in ja ka." Cindo ya koma. Bai taɓa zama a kusurwar nan ba sai ran nan. Kujerar ta karɓe shi, iska na shigowa ta taga, motar na lilo da shi a hankali, ga gajiyar kwana biyu. Barci ya sace shi. Suka wuce turken, shi yana barci, Maigoro yana jin daɗin hanya bai ko lura ba. A wata kwana sai ga mai keke da kwandon busasshen kifi. Mai keke ya kauce hagunsa kamar yadda kowa ke yi a ƙasar nan. Maigoro ya kauce damansa kamar yadda aka koya masa. Gefe ɗaya suka nufa.

Ƙarar ce ta tashi Cindo. Kafin manoman da ke kusa su iso, ya riga ya janye maigidansa ya tura shi baya, ya ɗora masa rawani a ka. Ba tunani ya yi ba, jikinsa ne kawai ya san inda maigida ke zama. Wani ya ce, "Wa ka tuƙi?" Ya ce, "Ni na." Sai bayan ya faɗa aka juyo da mai keken, ya ga fuskar Ango, yayan matarsa.

Kwana biyu bayan haka Maigoro ya same shi a inda ake tsare da shi, da ƙaramin Alƙur'ani a aljihu, yana kuka da hawaye. Cindo ya dafa, ya rantse bakinsa ba zai taɓa faɗa ba.

"Maigida," in ji Cindo, idonsa a kan hanya, "Kawu Hamma ya aiko mani shekaranjiya."

"Wane Hamma?"

"Ƙanen Inna. Ya ce shekara uku ta isa. Ran Litinin za su kai ni gaban alƙali a raba auren."

"Subhanallahi. To bari in mun je in sa baki. Hamma ba shi ƙin maganata."

"Ba Hamma na ba, Maigida. Rabi ta."

"Mata sai haƙuri. Ƙaddara ta riga..."

"Ta san ƙaddara. Ba ta taɓa ce mani don mi kak kashe shi ba, ko sau guda. Abu ɗaya taka tambaya. Ta ce, shekara goma sha biyu kana jan mota ko kaza ba ka taɓa takewa ba, ƙaƙa anka yi kab bar hannunka kab bi Ango har inda yak kauce? Ta ce in dube ta in gaya mata. In na yi ƙarya ta gane, don ta san ni. Gaskiya kuma na dahwa Alƙur'ani. Sai in yi shiru. Shirun ga shi ad da mu shekara uku, ita Geza ni Bagudo."

"To mi kaka so in yi?"

"Ka sani."

"Ban sani ba. Hwaɗi."

"Ka gaya ma tsohuwag ga abin da kaka neman ta yahe."

Maigoro ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Saura kwana shida in tashi, Cindo. Kana so a hidda ni daga jirgi a kai ni gidan yari da hurhurata? Ɗiyana su shiga kasuwa ana nuna su? Na yi azumin kaffara wata biyu a ɓoye, ko iyalina ba su san dalili ba. Na tambayi malami, ya ce tuba tsakanin bawa da Ubangijinai ta."

"Ka gaya ma malamin akwai wanda ka ɗauke da kayan har yau?"

"Kai! Ka san da wa kaka magana?"

"Na sani, Maigida. Kai kas sa anka koya mani mota. Kai kay yi mani auren ga da za a raba."

"To ni nit tilasta ka? Kai kab buɗe baki kac ce kai na, ban roƙe ka ba. Kuma tunda abin tone-tone na, wa yay yi kwana a baya? Wa ag da alhakin ganin turke? In da idonka biyu, da Ango na nan da rainai!"

Maganar ta sami Cindo inda take nema. Ba yau ya fara gaya wa kansa haka ba, kusan kullum sai ya gaya wa kansa, amma bai taɓa jin ta daga bakin wani ba.

"Gaskiya ta," ya ce a hankali. "Ni niy yi kwana. Wata tara niy yi ina biyan kwanan nan, kuma ban ce an zalunce ni ba. Nawa na ɗauka, Maigida. Naka na ban iya kai wa gaba."

Tsakuwa na ta ƙara a ƙarƙashin taya.

Da Maigoro ya sake magana, muryarsa ta sauka, ta zama ta tsohon da ya gaji.

"Ka san tun rannan ban koma taɓa sitiyari ba? Ina zaune nan baya awa buhun goro, ina kallon hannunka, raina na so, ina jin tsoro. Duk abin da Allah yab ba ni, babu inda nika jin ni mutum na awa can gaba, ba mai gaishe ni, ba mai roƙona, daga ni sai hanya. Abin da nih hi so a duniya shi yak kashe ɗan mutane. Kana ganin ban shan wuya?"

"Na san kana sha."

"To ka amshi motag ga, ka bar ni in tahi in yi kukana a ɗakin Allah. In na dawo mu ga abin da za a yi."

"Litinin jibi ta, Maigida."

Sun iso mararrabar da ake ratsewa zuwa Geza. Akwai wata babbar ɗorawa a wurin. Cindo ya rage wuta, ya gangara inuwarta, ya taka birki a hankali yadda ko ruwa ne a kwano ba zai zube ba. Ya kashe inji.

"Mi yah hwaru? Ta yi zahi?"

"Lahiyatta lau."

Ya buɗe akwatin gaba ya ɗauko takardar. Bai iya karatun boko ba, amma ya tsaya yana kallonta, ya ga tambari, ya ga inda aka dangwala yatsu. Ya daɗe yana kallo, don Allah ya sani yana son motar nan. Sannan ya juya ya ajiye ta a kan kujerar baya, kusa da gwiwar maigidansa. Ya ciro ƙyallensa ya goge sitiyari tsaf, ya ninke ya ajiye. Makullin ya bar shi a jikinta. Ya buɗe ƙofa, ya jawo takalmansa daga ƙarƙashin kujera ya zura.

"Cindo, mi kaka yi haka?"

"Na rantse bakina ba shi hwaɗi, kuma ba shi hwaɗi har in mutu. Amma ban rantse zan kai ka ƙohwar gidan nan ka amshi gahwarar da mai ita ba ta san ta mi ta ba. Wannan kam ba da hannuna ba."

"Ka san gwiwata ba ta kai ni Geza da ranag ga."

"Na sani."

"To nan za ka bar ni?"

"Ga inuwa, ga ruwa cikin buta. In ka so ka jira mai wucewa shi kira maka wani direba daga Bagudo, ba wanda za ya ji komi daga gare ni. In kuma ka so, ga mabuɗi nan."

Maigoro ya dubi makullin, ya dubi Cindo.

"Ka san abin da za a ce in anka gan ni."

"Na sani, Maigida. Gaban alƙali mutum huɗu sunka shaida ko inda giyar mota take ba ka sani ba."

Ya rufe ƙofar, ta ce "tib". Har ya yi taku uku sai ya dawo, ya sunkuya ta taga, don malami ba ya daina zama malami.

"In ka ja ta, ka riƙe hauni, hannun hagu. Hauni, Maigida. Nan ba Dahome ba ta."

Ya kama hanya bai waiwaya ba. Ba don jarumta ba, tsoro yake kada ya waiwaya ya ga tauraron nan yana ƙyalli a inuwa ya kasa tafiya.

Mil ɗaya da rabi ne, amma ranar bazara ta mayar da shi uku. Yana tafe yana kasa kunne, bai ji komai ba sai kurciya. Tun yana sa rai har ya daina. Ya ce a ransa, shi ke nan, Cindo, ka rasa mata, ka rasa mota, ka rasa maigida, duk a yini guda.

A Geza an riga an san da zuwan baƙo. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi. Kawu Hamma na zaune da dattawa huɗu. Inna Sabuwa na bakin zaure a kan 'yar kujerarta, idonta ya yi rauni tun bayan rasuwar Ango, amma kunnenta ras yake. Mutanen unguwa sun yi cirko-cirko a bakin hanya, kowa na son ganin 'Yar Gata, har da waɗanda suka rantse ba za su ƙara kallonta ba.

Sai ga direba a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba!"

Jummai ce ta fito a guje ta rungume ƙafarsa. Shekararta biyar, rabon da ya gan ta tun ƙaramar salla. Ya ɗauke ta, ya je ya durƙusa nesa kaɗan da tsohuwar.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau."

Iyakar abin da yake samu daga gare ta ke nan shekara uku, kuma bai taɓa ganin laifinta ba.

"Ina baƙon namu?" in ji Kawu Hamma. "Ko motat ta lalace?"

"Lahiyatta lau, Kawu."

"To ina shi?"

"Shina mararraba."

"Kab bar maigidanka a mararraba kat taho ƙasa?"

"I, Kawu."

Dattawan suka dubi juna. Hamma ya girgiza kai, irin na wanda ya daɗe da yanke wa mutum hukuncin taɓin hankali.

"Wannan tsakaninku na. Tunda ka zo, saƙona ya ishe ka?"

"Ya ishe ni."

"To jibi. Ba mu son tashin hankali, ba mu son tone-tone. Ka ba ta takardatta cikin mutunci, ɗiyarka ɗiyarka ta."

"Kawu, ku dakata."

Daga cikin zaure muryar ta fito. Rabi ce, tsaye a bayan ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Ta rame. Har yau in Cindo ya ji muryar nan sai ya ji kamar ya iso gida.

"Baban Jummai."

"Na'am."

"Gaban Inna, gaban Kawu, zan tambaye ka na ƙarshe. Ban ce ka yi da gangan ba, ban taɓa cewa ba. In kwana kay yi, ce kwana niy yi. In wani abu kas sha, hwaɗi, in ji zahin in haɗiye. Wallahi ko mi kac ce in dai gaskiya ta, yau zan ɗauki kayana in bi ka. Ƙaƙa anka yi kab bar hannunka?"

Har tsohuwar ta juyo da fuskarta wajensa.

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku kawai, "kwana niy yi", kuma ba ma ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ya buɗe baki. Sai ya ga idon Rabi ta gefen mayafi, idon da bai taɓa yi wa rabin magana ya wuce ba. In ya faɗa za ta bi shi, su zauna a kan abin da ya san ba haka yake ba har ƙarshen ransu. Ya rufe bakin, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafar Jummai.

Rabi ta jira. Ta ƙara jira.

"Shi ke nan," ta ce. "Kawu, jibin."

Ta juya za ta shige.

"Ku yi shiru," in ji Inna Sabuwa. Ta ɗaga yatsa. "Mota."

Cindo ya riga ya ji. Cikin motoci dubu zai gane kukan nan. Amma ba yadda ya saba jinsa ba ne. Injin na gurnani a giya ta ɗaya, a ja a tsaya, a ja a tsaya, tuƙin wanda ya daɗe bai tuƙa ba.

Ya miƙe, Jummai a kafaɗarsa.

Ta ɓullo daga bayan rumbuna, baƙa wuluk, rana na wasa a jikinta, 'yar tutarta na kaɗawa. Tana tafe kamar mai takaba. Kujerar baya ba kowa sai rawani a ajiye. A gaba kuwa wani tsoho ne da kai ba hula, furfura fari fat, ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

Wani dattijo ya ce, "La'ilaha illallahu, Maigoro na!"

Daidai nan wani mai jaki ya fito daga lungu da kayan itace, yana fuskantar motar. Ya ja jakinsa ya kauce hagunsa. Cindo ya ga goshin motar ya fara karkata, a hankali, zuwa dama, zuwa inda mai jakin ya nufa.

Bai san lokacin da ya dire Jummai ba. Bai san lokacin da ya kai tsakiyar hanya ba.

"Hauni, Maigida! Hauni! Sau nawa zan gaya maka, nan ba Dahome ba ta! Birki!"

Motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya, injin ya mutu. Tsakanin tauraronta da hancin jakin bai fi kamu biyu ba.

Cindo na tsaye yana haki, sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa, da kuma gaban waɗanda ya faɗa.

Ya juyo a hankali.

Inna Sabuwa ta miƙe tsaye ba tare da sandarta ba. Rabi kuwa ta fito daga zaure har waje, mayafin ya zame ya faɗi a ƙasa ba ta ko sani ba. Ta dubi motar a gefen da ta tsaya. Ta dubi mai jakin. Ta dubi tsohon da ke ƙoƙarin buɗe ƙofa, ƙafarsa ba takalmi. Sannan ta dubi mijinta.

"Baban Jummai," ta ce, da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba. "Ranar da Ango yam mutu, kai ina kaz zauna?"